An ce in tara fitsarin awa 24 don auna kotisol: me sakamakon yake nufi?

Tambaya: Shekaruna 34. Cikin shekara biyu na yi ƙiba sosai, musamman a ciki da fuska, hawan jini ya kama ni, sugana ma ya fara hawa. Likita ya ba ni galan ya ce in tara fitsarin awa 24 a auna kotisol. Sakamako ya fito 71, a takardar kuma an rubuta kada ya wuce 50, sai ya ce in sake tarawa. Ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Me ya sa fitsari aka auna ba jini ba? Wannan lamba tana nufin ina da ciwon Cushing ke nan? Sannan ƙanena yana fama da kasala da rama, shi ma wannan gwajin zai nuna ko nasa kotisol ɗin ya yi ƙasa?

Amsa: Malama, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Sakamakon 71 a inda iyaka take 50 bai isa a ce kina da ciwon Cushing ba, bai kuma isa a ce ki manta da batun ba. Likitanki ya yi daidai da ya ce a sake, domin ƙa'idar wannan gwaji ke nan: sai an tara sau biyu ko uku, an kuma haɗa da wani gwajin na daban, kafin a buɗe baki a faɗi sunan ciwo. Dalilin haka yana cikin yadda jiki ke sarrafa kotisol, da kuma yadda ake tara fitsarin, wanda a nan ne mafi yawan kurakurai suke shigowa.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira adirinal, nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Ɓangarenta na waje ne ke samar da kotisol. Wannan sinadari shi ke riƙe sugan jini idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, shi ke hana jini sauka ƙasa da kima, yana kwantar da kumburi, yana kuma tsaya wa jiki a lokacin zazzaɓi ko rauni ko tiyata. Ba a rayuwa babu shi. Umarnin samar da shi yana fitowa ne daga fituwitari, wata 'yar halitta da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda ke aika sinadarin ACTH ta cikin jini zuwa ga adirinal. Idan kotisol ya wadata sai fituwitari ta rage ACTH, idan ya yi ƙaranci ta ƙara. Ciwon Cushing shi ne jiki ya daɗe cikin kotisol mai yawa, wata da watanni, ba tare da wannan birki ya kama ba.

To me ya hana a ɗebi jini kawai a auna? Abu biyu ne. Na farko, kotisol ba ya zama wuri ɗaya. Yana fara hawa bayan tsakar dare, ya kai ƙololuwa da sassafe wajen lokacin farkawa, daga nan ya yi ta sauka har ya kai ƙasa ƙwarai wajen sha biyun dare. A cikin wannan hawa da sauka ma guntu-guntu yake fita, kuma fargabar allura kaɗai tana iya ɗaga shi cikin 'yan mintoci. Mai ciwon Cushing na gaske za a iya ɗibar jininsa da safe a tarar da lambar da ba ta bambanta da ta mai lafiya ba, domin matsalarsa ita ce kotisol ɗin ba ya sauka da yamma da dare. Auna jini sau ɗaya kamar mutum ne ya leƙa waje na minti guda ya ce zai faɗi yawan ruwan saman da aka yi a ranar, alhali wanda ya girke mazubi tun safe har wata safiyar shi ke da labari. Galan ɗinki shi ne mazubin.

Na biyu, fiye da kashi 90 cikin 100 na kotisol ɗin da ke yawo a jini a ɗaure yake da furotin, galibi wani da hanta ke yi wanda ake kira CBG, ɗan kaɗan kuma da albumin. Wanda ke ɗaure ba ya aiki. Ɗan ragowar da ke sake shi ne ke shiga ƙwayoyin jiki ya yi tasiri, shi ne kuma ƙoda ke iya tacewa. Gwajin jini na yau da kullum yana haɗa ɗaurarre da sakakke ya ba da jimla, shi kuwa fitsari sakakken kaɗai yake nunawa. Abin da ke fita a fitsarin ɗan mitsitsi ne, kusan kashi 1 cikin 100 na abin da adirinal ta samar a yini, amma yana da wata fa'ida: idan kotisol ya yi yawan da CBG ya cika ba shi da sauran wurin ɗauka, duk abin da ya ƙaru sakakke ne, sai lambar fitsari ta yi sama da sauri. Shi ya sa gwajin ke da kaifi ga mai ciwo mai tsanani, yake kuma dusashewa ga wanda nasa bai yi nisa ba.

Nan ne batun ƙwayarki ya shigo. Idan irin mai ɗauke da sinadarin istirojin ce, tana sa hanta ta ƙara yawan CBG, sai jimlar kotisol a jini ta yi sama alhali sakakken bai canza ba. Da jini aka auna miki, da an iya ganin lamba mai firgitarwa wadda ba ta nufin komai. Fitsari ba ya faɗawa wannan tarko, don haka zaɓin likitanki ya dace da halin da kike ciki. Sai dai wannan yana nufin ba za mu ɗora wa ƙwayar alhakin 71 ɗin nan ba, dole a nemi bayaninsa a wani wurin.

Wurin da zan fara nema shi ne tarin kansa. Na'urar ɗakin gwaji komai tsadarta abin da aka kawo mata take aunawa, kuma a wannan gwaji mara lafiya ne ke yin rabin aikin a gida. Ki zaɓi ranar da za ki wuni a gida, wadda ba kya al'ada, ba kya zazzaɓi ko wata rashin lafiya ta farat ɗaya. Da kin tashi da safe, a ce ƙarfe 7, ki yi fitsari a ban ɗaki kamar kullum, kada ki zuba shi a galan. Wannan na daren jiya ne, ba ya cikin lissafi. Ki rubuta lokacin a jikin galan ɗin. Daga nan duk fitsarin da kika yi, na rana da na dare, sai ya shiga ciki, komai ƙanƙantarsa. Washegari ƙarfe 7 daidai ki sake yin fitsari, ko kina jin sa ko ba kya ji, ki zuba. Shi ne na ƙarshe, kuma yana ɗauke da kotisol ɗin da ya hau kafin wayewar gari, saboda haka barinsa ba ƙaramar asara ba ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba fitsarin safiyar farko da na safiya ta biyu duka. Wanda ya yi haka ya tara na dare biyu ke nan, wajen awa 32 maimakon 24, kuma wannan kaɗai yana iya tura lambar da take daf da iyaka ta tsallake. Ki tuna da kyau yadda kika yi a karon farko. Kuskure na biyu kishiyarsa ne: a manta a yi fitsari ɗaya ko biyu a ban ɗaki, musamman cikin magagin barci ko lokacin bayan gida, sai lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Dabarar ita ce ki riƙa yin fitsari a mazubi tukuna kafin ki zauna bayan gida. Idan kuma kin manta ko ya zube, kada ki ji nauyin faɗa. Ki karɓi sabon galan ki sake farawa wata rana. Asarar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan sakamakon da zai kai likita wata hanyar da ba ita ba.

Ki yi fitsarin a wani mazubi mai tsabta, busasshe, sannan ki juye a galan. Wasu ɗakunan gwaji suna saka ɗan sinadarin adanawa a cikin galan ɗin, kada ki zubar da shi, kada ki ɗauraye, kada kuma ya taɓa fatarki. Ki ajiye shi a wuri mai sanyi, firji ko bokiti mai ƙanƙara, ki kai shi gaba ɗaya da zarar kin gama, ba tare da kin rage komai ba, domin sai an auna yawan fitsarin duka kafin a lissafa na yini. Ki sha ruwa yadda kika saba. Mutane da yawa suna ɗirkar ruwa don galan ya cika, suna ganin hakan taimako ne, alhali shan ruwa ya kai lita 5 a yini yana sa ƙoda ta wanko ƙarin kotisol, lamba ta hau ba tare da ciwo ba. Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa wa mata ba: man shafawa mai haidirokotison, irin na ƙaiƙayin gaba ko na basir, idan ya gauraya da fitsari yana ɗaga lamba sosai, domin haidirokotison shi ne kotisol ɗin kansa.

Ki duba takardar sakamakonki, ya kamata ki ga yawan fitsarin da kuma wata lamba ta kiriyatinin. Kiriyatinin dattin aikin tsoka ne, kuma jikin mutum yana fitar da kusan adadi ɗaya kowace rana. Ga mai matsakaicin jiki, mace tana fitar da wajen miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo na nauyinta, namiji 20 zuwa 25. Da shi likita ke gane ko tarin ya cika ko ya gaza ko ya zarce. Idan tari biyu na mutum ɗaya suka sha bamban sosai a kiriyatinin, ɗaya daga ciki akwai matsala. Ni dai sakamakon kotisol na fitsari da ya zo babu kiriyatinin a gefensa ba na sakin jiki da shi.

Ita iyakar 50 ɗin ma ta ɗakin gwajin da ya yi miki ce. Akwai hanyar awo da ke kama kotisol tare da wasu 'yan'uwansa masu kama da shi, iyakarta takan kai maikirogiram 90 ko 100. Akwai kuma na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta nauyinsu, wadda ake kira LC-MS/MS, iyakarta takan tsaya wajen 45 zuwa 60. Wasu wuraren kuma da nanomol suke rubutawa, inda maikirogiram 50 yake daidai da nanomol 138. Saboda haka kada ki gwada lambarki da ta wani da aka yi wa a wani wurin, kuma tari na biyu ki kai shi inda kika kai na farko.

A ce tarin ya yi daidai, 71 ɗin gaskiya ce. Idan lamba ta ninka iyaka sau uku ko fiye, wato 150 zuwa sama a ma'aunin ɗakin gwajinki, da wuya a sami wani bayani ban da ciwon Cushing. Tsakanin iyaka da wannan ninki kuwa fili ne da masu ciwon da marasa shi suke cakuɗe. Ciwon damuwa mai tsanani yana ɗaga kotisol, haka shan barasa da yawa, da ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da ƙiba mai yawa, da sarƙewar numfashi cikin barci, da matsanancin motsa jiki, da yunwa mai tsawo, da ciwon jiki mai raɗaɗi. Juna biyu ma yana ɗaga shi, har ya ninka biyu ko uku a watannin ƙarshe, don haka idan akwai ko da shakkar ciki a fara tabbatarwa. Magunguna kamar kabamazefin na farfaɗiya da fenofaibiret na kitsen jini suna rikita wasu hanyoyin awon. Kin ga inda wahalar take: ƙiba da suga da suka sa aka yi zargin ciwon, su da kansu suna iya kawo lamba irin taki.

Ta ɗaya gefen kuma, sakamako mai kyau sau ɗaya ba ya wanke mutum. Kotisol ɗin fitsarin mai ciwon Cushing yana bambanta ƙwarai daga yini zuwa yini, yau ya haura iyaka, jibi ya dawo ciki. Akwai ma wani nau'i da ke zuwa yana tafiya, ya yi makonni yana sama sannan ya lafa. Wanda ƙodarsa ta yi rauni, tacewarta ta sauka ƙasa da 60 a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, lambarsa takan fito ƙasa ko da kotisol ya cika masa jini, don haka wannan gwaji bai dace da shi ba.

Shi ya sa jikin mara lafiya yake da nauyi a wurina daidai da takardar. Ƙiba da hawan jini da suga sun cika duniya, ciwon Cushing da jiki ke haifarwa da kansa kuwa bai fi mutum 2 zuwa 3 cikin miliyan yake kamawa a shekara ba, mata sun fi maza. Alamomin da suka fi rarrabe shi su ne waɗanda ke nuna kotisol yana cin furotin ɗin jiki. Fata ta yi siriri, ɗan bugu kaɗan jini ya taru a ƙarƙashinta, rauni ya daɗe bai warke ba. Nankarwa ta fito a ciki ko cinya ko hammata, mai faɗin da ya wuce santimita 1, launinta ja-ja ko shuɗi-shuɗi mai duhu, ba irin siririyar nan mai haske ta haihuwa ba. Tsokar cinya da ta kafaɗa ta yi rauni har mutum ya kasa tashi daga tsugune sai ya dafa, ko hawa bene ya zama aiki. Ciki ya yi girma alhali hannuwa da ƙafafu suna sirancewa, kitse ya taru a bayan wuya da saman ƙashin wuya, fuska ta cika ta yi zagaye. Ga mace al'ada takan rikice, gashi ya fito a haɓa. Ƙashi ya yi rauni har ya karye ba tare da wani babban dalili ba. Ga yaro kuwa alamar ita ce yana ƙiba amma tsayinsa ya tsaya. Hawan jini da suga a shekara 34, tare da canjin fuska cikin shekara biyu, dalili ne mai ƙarfi na bincike, kuma na ji daɗi da likitanki bai tsaya a cewa ki rage ci ba. Ki kai masa hotunanki na shekara uku ko huɗu da suka wuce, suna taimakawa fiye da yadda ake zato.

Wannan ƙarancin ciwon ne kuma ya sa ba na goyon bayan a riƙa yi wa duk mai gajiya ko mai teɓa wannan gwaji, kamar yadda ake tallatawa a intanet. Idan aka auna dubban mutanen da ba su da alamomin, waɗanda lambarsu za ta ɗan haura ba tare da ciwo ba sun ninka masu ciwon nesa ba kusa ba, kuma kowannensu zai shiga fargaba da kashe kuɗi, wani har a kai shi ga hoto da tiyatar da ba ya bukata.

Akwai tambayar da ta kamata a yi miki tun kafin a ba ki galan, idan ba a yi ba ki amsa ta da kanki: kina amfani da wani magani mai siteroyid? Abin da ya fi kawo ciwon Cushing a duniya shi ne magani, ba ƙari ba. Firedinisolon da deksametason na sha, allurar da ake yi a gwiwa ko kafaɗa, abin shaƙa na asma idan ya yi yawa, mayukan fata masu ƙarfi kamar kulobetasol da betametason, har da wasu mayukan hasken fata da magungunan ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi da ake zuba wa siteroyid ba a rubuta a jikin kwalba ba. Mai amfani da waɗannan zai iya samun duk alamomin da na lissafa, amma kotisol ɗin fitsarinsa yakan fito ƙasa ƙwarai, domin fituwitari ta ga abin da ya yi kama da kotisol ya wadata ta daina aika ACTH, adirinal ta kwanta. Firedinisolon kuma yana iya ruɗar wasu hanyoyin awon su ɗauke shi a matsayin kotisol. Ki tattara duk abin da kike sha ko shafawa ko shaƙa ki kai wa likita ya gani da idonsa. Idan kuwa aka sami siteroyid a ciki kuma kin haura mako uku kina amfani da shi, kada ki yanke shi rana ɗaya. Adirinal ɗin da ta daɗe a kwance ba ta farkawa nan take, kuma yankewar gaggawa tana iya jefa mutum cikin halin mutuwa ko rayuwa. Sannu a hankali ake janyewa, a ƙarƙashin kulawar likita.

Ƙa'idojin da Endocrine Society, ƙungiyar likitocin homon (wato sinadaran da ke kai saƙo a jiki, irin su kotisol), ta fitar a 2008 sun jera gwajin fitsari tare da wasu da ake fara bincike da su. Ɗaya shi ne na yawu, wanda ake ɗauka a gida tsakanin sha ɗaya da sha biyun dare, dare biyu, don a ga ko kotisol yana sauka a lokacin da ya kamata. Bai dace da mai aikin dare ko wanda barcinsa ba shi da tsari ba. Ɗayan shi ne a sha deksametason miligiram 1 da sha ɗayan dare, a ɗebi jini ƙarfe 8 zuwa 9 na safe. Mai lafiya kotisol ɗinsa zai faɗi ƙasa da maikirogiram 1.8 a desilita, wato nanomol 50 a lita. Wannan shi aka fi so ga wanda aka tsinci ƙari a adirinal ɗinsa a hoton da aka yi don wani dalili, amma ke ba zai yi miki adalci ba muddin kina kan ƙwaya mai istirojin, sai an dakatar da ita mako shida. Haka ma mai shan rifamfisin na tarin fuka ko fenitoyin na farfaɗiya, domin suna sa hanta ta narkar da deksametason da wuri. A ganina abin da ya fi dacewa da ke shi ne tari na biyu da aka yi da kula, a haɗa da gwajin yawu na dare idan ana samunsa. Kada ki ajiye ƙwayar da kanki don gwaji, sai kun shirya wata hanyar tazarar da likita.

Idan gwaje-gwaje iri biyu suka yi ta nuna kotisol ya yi yawa, sai a koma neman tushe, kuma ƙwararren likitan homon ne ya kamata ya ja ragamar. Ana farawa da auna ACTH a jini. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, adirinal ce ke aiki ba umarni, sai a ɗauki hotonta. Idan bai yi ƙasa ba, galibi ɗan ƙari ne a fituwitari, wanda ba ciwon daji ba ne, kuma shi ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Shi ne wanda Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya bayyana a 1932. Ƙarin adirinal yana da kashi 15 zuwa 20, sauran kuma daga wani ƙari ne a wani sashen jiki, yawanci huhu, da ke samar da ACTH. Ina roƙonki kada ki je ki yi hoton MRI da kanki kafin a kai wannan mataki. Kusan mutum 1 cikin 10 masu cikakkiyar lafiya suna da ɗan tabo a fituwitari da ba ya komai, shi kuwa ƙarin da ke kawo ciwon sau da yawa bai kai santimita 1 ba, wani lokaci hoton ma ba ya ganin sa. Ciwon yana da magani. Ƙarin fituwitari ta hanci ake bi a cire shi, na adirinal ma tiyata ce, akwai kuma magunguna kamar metirafon da ketokonazol da ke rage samar da kotisol, inda ake komawa ga wannan gwajin fitsari don bibiyar aikinsu. Barinsa ne ke da haɗari, domin yana kawo ciwon zuciya da daskarewar jini a jijiya da saurin kamuwa da cututtuka. Kafin bincike ya kammala, ki ci gaba da shan maganin hawan jini da kula da suga, wannan ba ya jiran sakamako.

Game da ƙanenki, wannan gwaji ba nasa ba ne. An gina shi ne don gano yawa, ba ya iya gano ƙaranci, domin masu lafiya da yawa kotisol ɗin fitsarinsu ƙasa yake, ba a iya raba su da wanda adirinal ɗinsa ta gaza. Gazawar adirinal, wadda Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, da jini ake nemanta: a ɗiba ƙarfe 8 zuwa 9 na safe lokacin da kotisol ya kamata ya kasance a sama, a auna shi tare da ACTH da gishirin jini. Idan lambar ba ta fayyace ba, sai a yi masa allurar ACTH ta roba, maikirogiram 250, a sake ɗibar jini bayan minti 30 ko 60 a ga ko adirinal ta amsa. Abin da ke lalata ta galibi garkuwar jiki ce da ta juya wa mai ita, ko tarin fuka, sai kuma wanda ya daɗe kan siteroyid ya bari.

Kasala da rama suna da dalilan da suka fi wannan yawa nesa, kamar ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, ƙanjamau, matsalar tayirod da ciwon damuwa, kuma da su likita zai fara. Abin da zai sa a karkata ga adirinal shi ne a ga rashin cin abinci da tashin zuciya, jiri idan ya miƙe tsaye, kwaɗayin gishiri, da fata tana ƙara duhu, musamman a layukan tafin hannu, dasashi, gwiwar hannu da tsofaffin tabo. Idan yana da waɗannan, ya ga likita cikin makon nan. Idan kuma ya fara amai ba ƙaƙƙautawa da ciwon ciki, jininsa ya sauka, ya galabaita ko hankalinsa ya fara gushewa, a kai shi asibiti a lokacin, a kuma faɗa wa likitan da ya karɓe shi cewa ana zargin gazawar adirinal. A irin wannan hali ana ɗibar jini a ajiye, a yi masa allurar haidirokotison miligiram 100 a ɗaura masa ruwan gishiri nan take, ba a jiran sakamako.